Da gaske mutanen tsohuwar Masar suna da ranakun sa'a da na nahisa?

Wata malama da ke koyar da tarihi a makarantar sakandare ta aiko mini da tambaya. Ta ce ɗalibanta sun tsinci labarin cewa mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni suna da littafin da ke gaya musu ranar fita da ranar zaman gida, sun tsare ta da tambayoyi, ita kuma tana so ta san ko gaskiya ne, yaya ake gane ranar sa'a daga ranar nahisa, kuma shin waɗannan ranaku su ne ranakun bukukuwansu. Ta ƙara da cewa wani yaro a ajin ya dage kan cewa daga can ne camfin Larabgana ya samo asali.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri. Littafin nan akwai shi, kuma ba kwafi ɗaya ba. Amma tun kafin mu buɗe shi ina so ki raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai jadawalin bukukuwa, wanda hukuma ke sassaƙawa a bangon haikali tare da lissafin burodi da giya da shanun da za a fitar kowace rana. Akwai kuma littafin ranaku, wanda ake rubutawa a takarda, mai shi ya naɗe ya ajiye a ɗakinsa. Jadawalin bukukuwa shi ke juya rayuwar ƙasa gaba ɗaya. Littafin ranaku kuwa, duk da ya fi daɗin labari, ikonsa a kan mutane bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Zan nuna miki dalilin da ya sa na faɗi haka.

Sai an fahimci shekararsu kafin sauran ya zauna. Kwana 365 ce, wata 12, kowane wata kwana 30 cif, babu mai 29 babu mai 31. Sun kasa watannin gida uku, huɗu-huɗu, kuma kogin Nilu ne ya raɗa wa kowane kashi suna: Aket lokacin ambaliya, Feret lokacin da ruwa ya janye ƙasa ta fito aka yi shuka, Shemu lokacin girbi da zafi da ƙarancin ruwa. Makonsu kwana 10 ne, uku a wata. Idan kin lissafa za ki ga 360 ne, saura biyar. Waɗannan biyar ɗin ba sa cikin kowane wata, suna kiransu "waɗanda ke bisa shekara", kuma su ne ranakun da aka fi jin tsoro. Zan dawo kansu.

Ba sa ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu kamar yadda ake yi wa watan Fabrairu, saboda haka kalandar tana zamewa daga yanayi da kwana ɗaya duk shekara huɗu. A asali ranar sabuwar shekara ta kamata ta zo daidai da ranar da tauraruwar Shi'ira ke sake bayyana a gabas gab da fitowar rana, wajen tsakiyar Yuli, bayan ta ɓace kusan kwana 70, lokacin da kogin ke fara cika. Su suna kiranta Sofdet. Ita ce dai Shi'irar da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. To amma da yake kalandar na zamewa, sai an shekara 1460 kafin su sake haɗuwa. Sun haɗu a shekara ta 139 miladiyya, kuma idan aka ja baya za a ga sun haɗu wajen 1320 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ki riƙe wannan, domin manyan littattafan ranakun da muke da su an rubuta su ne ba da daɗewa bayan wannan haɗuwa ba, lokacin da watan ambaliya yana faɗowa kusan a kan ambaliya ta gaske. Bayan wannan kalanda ta hukuma akwai lissafin wata na sama, wanda haikalai ke amfani da shi wajen wasu bukukuwa da sauya ma'aikata. Su ba da ganin jinjirin wata a yamma suke fara wata ba. Safiyar da aka duba gabas kafin fitowar rana ba a ga ragowar tsohon watan ba, ita ce ɗaya ga wata.

Yanzu littafin. Mafi tsufa da aka samu wata guntuwar takardar fafirus ce, irin wadda suke yi da ɓargon wata ciyawar fadama, daga garin Lahun kusa da Fayyum, wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba ta da dogon bayani: kwanakin wata ne a jere, kowanne an sa masa "mai kyau" ko "mara kyau". Manyan biyu daga zamanin sarakunan da ake kira Ramsis suke, wato ƙarni na 13 zuwa na 12 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗaya yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ana kiransa Sallier na huɗu, da sunan Bafaranshen da ya taɓa mallakarsa, kuma farkonsa da ƙarshensa sun ɓata. Ɗayan yana gidan tarihi na Alƙahira da lamba 86637, shi ne ya fi cika, kuma wani masani ɗan Masar, Abdul Muhsin Bakir, ya buga shi da fassara a 1966.

Kowace rana an raba ta uku, kamar a ce safe da rana da maraice, kowane kashi da alamarsa. Mai kyau ana rubuta masa kalmar nefer da baƙar tawada. Mara kyau kuma ana zana masa hannaye biyu riƙe da garkuwa da kulki, alamar da ke nufin faɗa, kuma da jar tawada, domin ja a wurinsu launin hamada ne da haɗari da allansu Set. Yawancin ranaku kashi ukun nan iri ɗaya ne, ko duka fari ko duka ja, amma akwai 'yan kaɗan da safiyarsu lafiya lau, maraicensu kuma a yi hattara. Ranakun kirki sun fi na nahisa yawa. Akwai kuma tsari da ido ke kamawa nan da nan: ɗaya ga wata rana ce mai kyau, 20 ga wata kuma ja ce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin da ake bayarwa, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton duba ne irin na taurari. Littafin ba ya cewa tauraro kaza ya shiga buruji kaza. Cewa yake yi: a rana irin ta yau abu kaza ya faru tsakanin alloli. Kowace rana ranar tunawa ce, kuma a tunaninsu abin da ya faru a farkon zamani yana sake faruwa duk shekara idan ranar ta zagayo. Idan an yi sulhu a cikinta, albarkar sulhun tana nan. Idan an zubar da jini, fushin yana nan yana jiran wanda zai taka shi.

Ga misali. Ranar 26 ga watan farko na Aket ja ce daga safe har dare, an ce kada a yi komai, domin ita ce ranar da Horus ya yi faɗa da Set, ƙanin ubansa, a kan gadon sarautar Masar. Suka rikiɗa suka zama dorina biyu suka nutse cikin ruwa suna dambe. Isis, uwar Horus, ta jefa mashi ya soki ɗanta, ya yi ƙara ta janye shi. Ta sake jefawa ya kama Set, shi kuma ya roƙe ta da zumuncin ciki ɗaya, tausayi ya kama ta ta sake shi. Horus ya fusata ya sare kan uwarsa, sai da Tot, allan hikima da rubutu, ya mayar mata da kan saniya. Ranar da ɗa ya ɗaga wa uwarsa hannu, wa zai fara gini a cikinta ko ya kama tafiya? Washegari kuwa, 27 ga wata, fari ce tas, domin an ce a cikinta aka sami zaman lafiya tsakanin su biyun.

Ranar 22 ga wannan wata ta fi ba ni sha'awa, saboda yadda labari da hani suka dace kamar tukunya da murfinta. An ce a ranar Ra, allan rana, ya kira alloli ya haɗiye su, suka yi ta motsi a cikinsa, ya amayar da su cikin ruwa, jikinsu ya zama kifi, rayukansu suka tashi sama suka zama tsuntsaye. Saboda haka a ranar ba a cin kifi, ba a cin tsuntsu. Wata rana a watan biyu an hana wanka a kogi saboda kada. Wata rana a watan farko na Feret an ce kada ka kalli ɓera, kada ka kusance shi a cikin gidanka. Akwai ranar da ba a kunna wuta, akwai ranar da ba a fita sai rana ta faɗi, akwai ranar da aka ce duk abin da ka gani alheri ne.

Sashen da ɗalibai suka fi so shi ne na haihuwa, kuma watan biyu na Aket cike yake da shi. Wanda aka haifa ranar 4 annoba ce ajalinsa. Na ranar 6 maye ne zai kashe shi, kuma abin lura, wannan rana fara ce, domin a wurinsu mutuwa ana tsakiyar shagalin biki ba mummunan ƙarshe ba ne. Na ranar 9 zai tsufa ya mutu da tsufansa. Na ranar 23 kada, na ranar 27 maciji. Ki dubi jerin da kyau, Malama: annoba, kada, maciji. Waɗannan su ne abubuwan da ke kashe mutumin da ke zaune a bakin Nilu da gaske. Hirodotus, Bagirken da ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Misrawa sun san allan da ke da kowane wata da kowace rana, kuma daga ranar haihuwar mutum suna faɗin abin da zai same shi da yadda zai mutu. Wato kusan shekara 700 bayan waɗancan takardu, al'adar tana raye.

Mu koma kan kwana biyar ɗin nan. Tun a tsofaffin rubuce-rubucensu ana ɗaukar su ranakun haihuwar alloli biyar, a jere: Osiris mijin Isis, Horus babba (ba ɗan Isis ɗin nan ba), Set, Isis, Neftis. Cikakken labarin ya zo mana ne daga baya ta hannun Fulutak, wani Bagirke na wajen shekara ta 100 miladiyya. Ya ce allan rana ya yi wa allar sama baki cewa ba za ta haihu a kowane wata ko kowace shekara ba, sai Tot ya zauna dara da wata na sama, ya ci ɗan kaɗan daga haskensa, ya tara ya haɗa kwana biyar da ba sa cikin lissafi, a cikinsu ta haihu. Ya ce kuma rana ta uku, ranar Set, sarakuna ba sa yin wani aikin mulki a cikinta, ko jikinsu ba sa gyarawa sai dare.

Labari ke nan, amma tsoron yana da tushe a ƙasa. Ƙarshen shekara yana zuwa ne a ƙarshen Shemu: kogi ya ƙafe har ya koma siriri, ruwan da ya rage ya gurɓace, zafi ya kai maƙura, kowa ya zuba ido ya ga ko ambaliyar bana za ta zo daidai, ko ta gaza a yi yunwa, ko ta wuce kima ta cinye gidaje. Duk wanda ya san ƙarshen bazara a wurinmu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, cututtukan zafi suka yi yawa, ana duban gabas ana jiran hadari, ya san irin wannan zaman ɗar-ɗar. Su suna da suna ga cutar wannan lokaci, "annobar shekara", kuma sun ce Sekmet, alla mai kan zakanya, ita ke sako 'yan aikenta da kibau da wuƙaƙe su bi gari. Wata takarda da ke Leiden a ƙasar Holan ta kawo addu'ar da ake karantawa a ranar ƙarshe ta shekara: a zana siffofin alloli a ƙyallen lilin, a ƙuƙƙulla shi, a rataya a wuya kamar laya. An ce wanda ya san sunayen waɗannan kwanaki biyar ba zai yi yunwa ba, ba zai yi ƙishi ba, annobar shekara ba za ta kayar da shi ba. Har takardar nan ta likitanci da ake kira Edwin Smith, wadda gabanta bayani ne na hankali kan karaya da raunukan kai, a bayanta addu'o'in korar annobar shekara ne. Fir'auna Amenhotef na uku kuwa ya sa an sassaƙa gumakan Sekmet na baƙin dutse ɗaruruwa. Masana na ƙiyasta sun kai 730, biyu ga kowace rana ta shekara, don a riƙa lallashinta safe da yamma.

To, mutane suna bin littafin? Nan ne hujja ta fi ƙarfi, kuma daga ƙauyen Dair al-Madina ta fito, a yammacin Luksor, inda ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna suka zauna da iyalansu kusan shekara 400. Mutanen nan sun bar rubutu dubbai a kan tsingaro da ɓallin dutse, kuma masu karatu a cikinsu sun fi na sauran ƙauyuka yawa nesa ba kusa ba. Akwai wani falalen dutse a gidan tarihi na Birtaniya, rajistar fashin aiki ce ta shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na biyu, wajen 1240 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunayen mutum 40 ne, kowanne da ranakun da bai zo aiki ba, da dalili a rubuce da ja. Wane ba shi da lafiya. Wane kunama ta harbe shi. Wane ciwon ido. Wane yana dafa giya. Wane yana shirya gawar mahaifiyarsa. Wane matarsa tana jinin al'ada. Wane yana yi wa maigidansa aiki. Wane yana bikin allansa. Uzuri iri-iri magatakarda ya karɓa ya rubuta, amma ba a ga "yau ranar nahisa ce" a cikinsu ba. Masanan da suka ɗauki ranakun da aka san sarakuna sun yi manyan al'amura a cikinsu suka gwada da littafin, su ma ba su ga alamar ana kauce wa jajayen ranaku ba. Da Fir'auna Tutmos na uku ya yi yaƙin Magiddo a ƙasar Kan'ana wajen 1457 kafin haihuwar Annabi Isa, marubutansa sun rubuta ranar, 21 ga watan farko na Shemu, kuma abin da suka ga ya cancanci ambato shi ne cewa ta dace da bikin sabon wata.

Hankali ma zai ba ki haka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na shekara ja ne. Manomin da ruwa ya janye masa daga gona ba zai bar ƙasa ta bushe yana jiran rana fara ba, kuma galibin mutane ko karatu ba su iya ba. A ganina littafin ya fi kama da abin da mai ilimi ke buɗewa idan zai yi wani abu da ke hannunsa ya zaɓa masa lokaci, kamar haɗa magani, ko rubuta laya, ko aza harsashin ɗaki, ko kuma bayan wani abu ya faru yana neman dalili. Ban raina shi ba ko kaɗan. A wurin mai tarihi taska ce, domin akwai labaran alloli da yawa da ba mu same su a ko'ina ba sai a cikin waɗannan gajerun layuka.

Bukukuwa kuwa wani abu ne dabam, domin su akwai dukiyar hukuma a bayansu. A bangon kudu na haikalin Ramsis na uku a Madinat Habu an sassaƙa jadawalinsu, layi sama da 1400, rana bayan rana, da adadin abin da za a miƙa. Abincin da aka ajiye gaban gunki ba zubar da shi ake yi ba. Bayan an gama hidima ana rarraba wa ma'aikatan haikali, a manyan bukukuwa kuma har talakawa suna samu. Ga wanda bai cika ganin nama ba, ranar biki ranar ƙoshi ce.

Watan farko kaɗai ya isa misali. Ranar 1 Buɗe Shekara. Ranar 18 bikin Wag, na tunawa da matattu, wanda sunansa ke cikin kaburbura tun zamanin gina dala. Ranar 19 bikin Tot. Ranar 20 bikin maye, kuma yana da labarinsa: Ra ya tsufa, mutane suka yi masa tawaye, ya aika 'yarsa a siffar zakanya ta hukunta su, ta ɗanɗani jini ta ƙi tsayawa. Da dare aka dafa giya tulu 7000, aka rina ta da jar ƙasa daga Aswan, aka malale filaye da ita. Da safe ta zata jini ne, ta sha ta bugu, ta manta da kisa. Duk shekara sai a sake wannan, a sha har a kwanta, sannan a tashe su da ganguna. A haikalin alla Mut da ke Karnak, kusa da Luksor, masu tono sun gano ragowar wata rumfa ta zamanin sarauniya Hatshefsut da rubutunta ya kira ta rumfar maye. Ki lura cewa wannan biki ya faɗo a 20 ga wata, ranar da littafin ranaku ke sa wa ja. Ranar biki ba lallai ta zama ranar sa'a ba. Sau da yawa saboda ranar tana da haɗari ne ake yin bikin, don a kwantar da fushin da ke cikinta.

Mafi girma a Tibis, wato Luksor ta yau, shi ne Ofet, a watan biyu na ambaliya, lokacin da gonaki ke ƙarƙashin ruwa, manoma ba su da aiki. Ana fito da gunkin Amun, babban allan garin, daga Karnak a cikin wani ƙaramin jirgi mai ado da zinariya, limamai ɗauke da shi a kafaɗa, tare da na matarsa Mut da na ɗansu Konsu, a kai su haikalin Luksor, tafiyar kusan kilomita uku, wani lokaci ta ƙasa wani lokaci ta kogi. A can ake sabunta ikon sarki. A zamanin Tutmos na uku kwana 11 ake yi. Zuwa zamanin Ramsis na uku ya kai kwana 24, daga baya 27. Zanen da aka yi a bangon Luksor zamanin Tutankamun ya nuna sojoji, makaɗa, 'yan rawa daga Nubiya, mata masu wasan juyi, da rumfunan abinci a bakin hanya. Talaka ba ya shiga cikin haikali, saboda haka ranar jerin gwano ita ce ranar da yake kusantar allansa, kuma ita ce ranar kai ƙara. Mutum zai tsaya gaban jirgin ya yi tambaya, ko ya ajiye rubutu biyu a ƙasa. Idan masu ɗauka suka matso gaba, e ke nan, idan suka ja baya, a'a. A Dair al-Madina da haka ake warware rigimar gado da ta sata a gaban gunkin sarki Amenhotef na ɗaya, wanda suka ɗauka majiɓincin ƙauyensu, kuma akwai rubutun da ya ce a bikinsa sun yi kwana huɗu cur suna sha da matansu da 'ya'yansu.

A watan huɗu na Aket, daidai lokacin da ruwa ke janyewa, ake bikin Osiris. Ana cika wani mazubi mai siffarsa da ƙasa da irin sha'ir, a yi ta ba shi ruwa har ya tsiro, alamar Osiris da aka kashe ya rayu, a binne na bara, ranar 30 kuma a tayar da wani ginshiƙi da ake kira jed. A watan biyu na Shemu akwai Bikin Kwari, inda Amun ke haye kogi zuwa yamma, iyalai su kwana a kaburburan iyayensu da furanni da abinci da fitilu. A zamanin mulkin Girkawa alla Hator tana tasowa daga Dandara a jirgi ta ziyarci Horus a Edfu, a yi kusan mako biyu ana shagali. Hirodotus ya ce a bikin alla Bastet a garin Bubastis mutum 700,000 ke taruwa ban da yara. Adadin nasa ne, amma ya nuna irin cikar da ya ji labari. Idan ɗalibanki suka karanta Suratu Ɗaha aya ta 59, inda Annabi Musa (AS) ya sanya wa Fir'auna "ranar ƙawa" a matsayin ranar haɗuwa, a tara mutane da hantsi, to irin wannan ranar taron jama'a ce za su hango.

Wataƙila wani ɗalibi ya kawo miki zancen cewa littafin Alƙahira yana ɓoye da ilimin taurari. Asalinsa wasu masana ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, da suka bi jerin ranakun da lissafi suka ce sun ga zagaye biyu: na kwana 29.6, wanda ya dace da wata, da na kwana 2.85, wanda suka danganta da tauraron Algol, mai dusashewa duk kwana 2.867. Na wata bai ba kowa mamaki ba. Na Algol kuwa masana tarihin Masar da dama ba su yarda da shi ba, ni ma ina tare da su, domin rubutun da kansa labarin alloli da na kogi yake bayarwa.

Sai batun yaronki da Larabgana. Ki tambaye shi: Larabgana wace rana ce? Larabar ƙarshe ta watan Safar. To mutanen Fir'auna ba su da Laraba, domin makonsu kwana goma ne, ba su kuma da Safar, wanda watan Larabawa ne. Camfin nan ana samunsa a ƙasashen Musulmi da dama, daga Indiya da Pakistan har Indunisiya, kuma ta hanyar ƙasashen Musulmi ya iso mu. Tun a zamanin jahiliyya Larabawa suna camfa Safar, shi ya sa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya kore shu'umci ya kuma ambaci Safar da sunansa. Turawa ma sun yi irin kuskuren yaron. A tsakiyar zamani kalandunsu na ɗauke da ranaku 24 a shekara, biyu kowane wata, da suke kira "ranakun Masar", ba a tsaga ko ƙaho a cikinsu, ba a kama tafiya. Sunan Masar kawai suka ara don ya yi kwarjini. Ranakun ba su dace da na takardun Fir'aunoni ba.

Abin da ya rayu da gaske kalandar ce kanta. A shekara ta 238 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Batlaimus na uku ya ba da doka a ƙara kwana na shida duk shekara huɗu, dokar ba ta kama ba, sai da Agustus na Rum ya tilasta ta wajen shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan gyararriyar kalanda ita ce Ƙibɗawan Masar ke amfani da ita a cocinsu har yau, kuma irin tsarinta ne a Habasha: wata 12 masu kwana 30, da ɗan ƙaramin wata mai kwana biyar ko shida, sabuwar shekara ranar 11 ga Satumba, wani lokaci 12. Sunayen watannin ma na bukukuwan nan ne: Tut daga Tot, Baba daga Ofet, Hatur daga Hator, Kiyak daga bikin watan Osiris, Ba'una daga Bikin Kwari. Ambaliyar ta daina zuwa tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970, amma manomin Masar, Musulmi ne ko Kirista, da waɗannan watanni yake lissafin shuka da sanyi. Suna cewa Amshir uban guguwa ne, Ɗuba kuma saboda sanyinsa yana mayar da budurwa tsohuwa. A Luksor kuma, inda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a cikin harabar tsohon haikalin Amun, duk watan Sha'aban idan ana maulidin shehin, har yanzu ana ɗora kwale-kwale a kan amalanke a zaga gari da su.